Corvette Z06 a shagon dila da ƙarin dala 15,000: in biya ko in jira?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune a Houston ta jihar Texas, kuma na daɗe ina tara kuɗin Corvette Z06. Na samu wata sabuwa dal a ajiye a wajen wani dila, kalar da raina ke so, amma sun ɗora dala 15,000 a kan farashin kamfani. Mai sayarwar ya ce in ban ajiye kafin alƙalami yau ba, akwai wanda zai zo gobe ya ɗauke ta. In biya ne, ko in yi oda in jira? Sannan idan na more ta shekara ɗaya ko biyu, zan iya tura ta gida Kano?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya sanya alheri, ya sa a hau lafiya. Kada ka biya wannan ƙarin, kuma kada ka ajiye ko sisi yau. Na daɗe ina cin abinci a wannan harka a nan Amurka, na zauna a teburin ciniki, na kuma zauna a ofishin da ake cike takardun bashin mota, saboda haka zan faɗa maka yadda abin yake a idon wanda ke zaune ɗaya gefen teburin.

Motar da ka gani ba ta kamfanin General Motors (GM) da ya ƙera ta ba ce yanzu, ta dilan ce. Ya saye ta daga kamfani, kuma dokokin jihohi sun hana tsofaffin kamfanonin ƙera motoci tsallake diloli su sayar wa jama'a kai tsaye. Takardar nan babba da ke manne a gilashi, wadda ake kira takardar Monroney, doka ce ta tarayya tun 1958 ta wajabta ta, an kuma sa mata sunan sanatan Oklahoma da ya kawo ƙudirin. Tana nuna farashin da kamfani ya ba da shawara a sayar, da kayan da aka sa wa motar, da kuɗin dako daga masana'anta. Shawara ce kawai. Dila yana da ikon sayarwa ƙasa da haka ko sama da haka. Ƙaramar takardar da za ka gani a gefenta, mai kama da ita a rubutu da kala don ka ɗauka duk daga kamfani suke, ita ce ta dila, kuma a nan dala 15,000 ɗinka take zaune. Doka ba ta hana ba. Kamfanin kansa ba ya son abin, har shugaban GM na Arewacin Amurka a lokacin, Steve Carlisle, ya rubuta wa diloli wasiƙa a farkon 2022 yana gargaɗin cewa wanda ya wuce gona da iri za a iya rage masa kason motoci. Amma gargaɗi ne, ba haramci ba.

Asalin wannan ƙarin ƙarancin mota ne, kuma ƙarancin yana da tarihi. Da aka nuna Corvette zubi na takwas a watan Yulin 2019, an mayar da injin bayan direba, aka ce farashinta zai fara daga ƙasa da dala 60,000, sai jama'a suka yi caa, domin motar da ke da irin wannan ƙira daga Italiya ninkin kuɗin take ci har sau uku ko huɗu. Masana'anta ɗaya tak ke ƙera ta a duniya, a Bowling Green ta jihar Kentucky. Yajin aikin ma'aikatan GM na kwana 40 a ƙarshen 2019 ya jinkirta fara aiki zuwa Fabrairun 2020, ana farawa korona ta rufe masana'antar, daga baya ƙarancin ƙananan na'urorin lantarki ya biyo baya, sannan a Disambar 2021 mahaukaciyar guguwa ta faɗa wa ginin har aka yi asarar motoci sama da 100. A samfurin 2020 motoci kimanin 20,000 kawai aka fitar. A wannan yanayi mai kuɗi a hannu ya ga mota a ƙasa, dole ya biya abin da aka ce. Amma a samfurin 2023 an ƙera sama da 50,000. Kafin 2024 ta yi nisa, Stingray ɗin da ake rububi, wato Corvette mafi sauƙin farashi, ta fara kwantai a filayen diloli ana yi mata ragi, Z06 ma da ta fito a samfurin 2023 da farashin da ya ɗan haura dala 100,000, wadda a watannin farko ake ɗora mata dubban daloli, ta sauko ana samun ta a farashin takarda. Zafin ya koma kan ZR1, wata Corvette mai ƙarfin doki 1,064. Haka abin yake tafiya a kowace motar yayi, ko Honda Civic Type R ce, ko Toyota GR Corolla, ko Nissan Z: shekarar farko wuta, ta biyu ɗumi, ta uku a roƙe ka. Dilan da har yanzu yake neman dala 15,000 a kan Z06 gwaji yake yi, ko Allah zai kawo wanda bai zagaya kasuwa ba.

Ka san lokacin wahalar mai a gida, in layi ya yi tsawo a gidan mai, mutum ya tsaya wajen 'yan bumburutu ya sayi galan da tsada. Man bai fi na famfo kyau ba, layin ya saya. To ƙarin dila ma haka yake, kuɗin tsallake layi ne, kuma wannan layin ya riga ya watse.

Abin da ya fi damuna da wannan kuɗi shi ne ba ya dawowa ta kowace hanya. Ranar da za ka sayar, mai saye zai duba takardar Monroney da mil ɗin da motar ta yi, ba ruwansa da abin da ka biya. A Texas harajin sayen mota kashi 6.25 cikin 100 ne na kuɗin ciniki, ƙarin ma sai an caje shi, wato wata dala 937 da 'yan kai. In da bashi za ka saya, banki yana auna abin da zai bayar da darajar motar ne, ba da son ranka ba, don haka galibi sai ka cike ƙarin daga aljihunka. In kuwa, Allah ya kiyaye, aka yi hatsari motar ta tashi aiki, kamfanin inshora darajarta a kasuwa ranar hatsarin zai biya. Akwai inshorar cike giɓi tsakanin bashi da darajar mota, amma ita ma yawanci tana da iyaka, kuma mutane ba sa karanta wannan layin sai abin ya faru.

Maganar wani zai zo gobe kuwa, tana iya zama gaskiya, amma akwai hanyar aunawa ba tare da ka ƙaryata kowa ba. Buɗe ƙofar direba ka duba takardar da ke manne a jikin ginshiƙi, tana ɗauke da wata da shekarar da aka ƙera motar. Shafukan tallan motoci na intanet da yawa suna nuna kwana nawa mota ta yi a kasuwa, wasu har da sau nawa aka sauya farashinta. In motar ta yi wata uku ko huɗu a wajen, to mai zuwa goben nan ya daɗe a hanya. Kuma ka sani, yawancin diloli da bashin banki suke cika filinsu, kowace rana mota ta kwana ba a sayar ba kuɗin ruwa na hawa a kansu, ga inshora, ga wurin da ta tare. Motar dala dubu ɗari da wani abu ba ƙaramin nauyi ba ce a littafin manaja. Ko a farashin takarda ya sayar yana da riba mai kauri, ga wani kaso da kamfani ke mayar masa daga baya. Shi ya sa in ka ce albarka ka bar lambar wayarka ka tafi, sau da yawa za a kira ka, musamman in wata ya zo ƙarshe ana neman cika adadi.

Oda ita ce hanyar da na fi so, amma tana da nata tarkon. Kamfani ba ya raba motoci daidai wa daida. Dilan da ya fi sayar da Corvette a baya shi ake ba kaso mafi yawa. Ƙaramin dila a bayan gari da ke sayar da motocin akori-kura zai karɓi kafin alƙalaminka da fara'a, ya shigar da odarka a kwamfuta, ya ba ka takarda mai lamba, alhali ba shi da kason Z06 ko ɗaya a shekarar. A tsarin GM kowace oda tana da lambar matsayi. In tana kan 1100, dila ne kawai ya rubuta buƙatarka, kamfani bai amsa ba, tana iya shekara a nan. Sai ta kai 2000 kamfani ya karɓa, 3000 ta shiga jerin waɗanda za a ƙera, 3800 an gama ƙera ta, 5000 ta iso wajen dila. Saboda haka abin tambaya shi ne: kason Z06 nawa kuka samu bara, mutum nawa ne a gabana, kuma za ku rubuta mini cewa a farashin takarda za ku ba ni ranar da ta iso? Wanda ya fara kame-kame a kan ɗaya daga cikin ukun nan, gode masa ka wuce. Akwai manyan dilolin Corvette da suka yi suna wajen sayarwa a farashin takarda, irin su MacMulkin a Nashua ta jihar New Hampshire da Criswell a Maryland da Ciocca a Atlantic City. Nisa ba matsala ba ce. Ana iya ɗoro maka ita a rufaffiyar tirela, ko a kai ta wajen dilan da ke kusa da kai ya miƙa maka a kan 'yar la'ada, ko ka biya kuɗin karɓa a gidan tarihin Corvette da ke daf da masana'antar a Bowling Green, ka je da iyali ka tuƙo ta. Haraji kuwa na jihar da za ka yi rajista za ka biya, wato Texas, ko a ina ka saya. Kuma irin waɗannan manyan dilolin su ma suna da motoci a ƙasa, waɗanda masu oda suka fasa, don haka kafin ka shiga layi ka tambaye su abin da ke hannu.

Oda tana da wata fa'ida da ba a cika faɗa ba. Motar da dila ya yi odarta don ajiyewa, shi ya zaɓi kayanta, kuma yakan cika ta da kayan tsada don riba ta yi yawa. Z06 ita kanta injinta lita 5.5 ne, ƙarfin doki 670, yana juyawa har sau 8,600 a minti, ba ta buƙatar ado. In wadda ka gani tana da kunshin Z07, to ta zo da birki na kabon da tayoyin Michelin Cup 2 R, waɗanda don filin tsere aka yi su. Kai da ke Houston, inda ruwa ke sauka kamar da bakin ƙwarya titi ya cika cikin minti kaɗan, waɗannan tayoyin ba abokan tafiyarka ba ne, kuma suna cinyewa da wuri. Abin da ba zan yarda in rasa ba shi ne na'urar ɗaga gaban mota, wadda ke ɗaga hancin kusan inci 2 kuma tana tuna wuraren da ka saba ɗagawa. Ba ta da farin jini a hoto, amma ita ke ceton leɓen gaba a mashigar gida da gidan mai.

To, a ce ka zagaya, ka dawo, wannan dai ta ƙasa ita ranka ya kwanta da ita, kuma dilan ya sauko. Nan ne aikin yake.

Kada ka yi ciniki a tsaye kusa da motar, ƙamshin kujerun yana shiga hancinka. Koma gida ka rubuta musu imel, ka nemi takardar ciniki mai ɗauke da lambar shasi ta wannan motar, haruffa da lambobi 17 da ake kira VIN, da jimillar abin da za ka biya ka fita da ita: farashi, haraji, rajista, kuɗin takardu, komai layi-layi. Wannan jimillar kaɗai za ka riƙa magana a kai. In aka tambaye ka nawa kake so ka riƙa biya a wata, kada ka amsa, domin da wannan tambayar ake ɓoye ƙari, a ja bashin ya kai wata 84 ka ga biyan ya yi sauƙi. Aika irin wannan imel ɗin ga diloli biyar ko shida a Dallas da San Antonio da Austin har da wajen jihar, ka bar takardunsu su yi faɗa da juna.

Ka sa ido sosai, saboda ƙarin da aka cire ta ƙofa yakan dawo ta taga. Za a ce an yafe maka dala 15,000, sai ka ga layuka sababbi: iskar naitirojin a taya, man kare fenti, baƙin gilashi, na'urar bin sawu, zana lamba a gilashi, duk a farashin da ya ninka na waje sau da yawa, a ce wai an riga an sa ba a cirewa. Amsarka ita ce ba ka nema ba, ba za ka biya ba. Ledar kare fenti ta gaba tana da amfani ƙwarai ga mota mai ƙasa-ƙasa irin wannan, tsakuwa na yi mata illa, amma ka kai wa masu sana'ar da ka ga aikinsu da idonka. Kuɗin cike takardu ma ya bambanta: a Kalifoniya doka ta daɗe da ƙayyade shi a dala 85, a Florida babu iyaka, za ka ga kusan dubu. Hukumar kula da kasuwanci ta tarayya, FTC, ta fitar da wata ƙa'ida a Disambar 2023 da za ta tilasta wa diloli bayyana cikakken farashi su daina cusa kayan da ba a nema ba, amma kotun ɗaukaka ƙara ta soke ta a Janairun 2025 tun ba ta fara aiki ba. Don haka idonka da alƙalaminka su ne gatanka.

Kafin alƙalami, in ya zama dole, ya kasance kaɗan, da katin bashi don ka iya ƙalubalantarsa ta banki, kuma a rubuta a rasit cewa na wannan lambar shasin ne, a wannan jimillar, kuma ana mayarwa in an fasa. Alkawarin baki na mai sayarwa ba ya ɗaure manaja, kuma ma'aikatan wannan sana'a suna yawan sauya wurin aiki.

Sai duba motar kanta. Mutane suna ɗauka sabuwa ba ta buƙatar dubawa, alhali motar ƙasa ta fi ta oda bi ta hannaye. Fara da mil. Ƙasa da 20 ko 30 ba abin damuwa ba ne. In ka ga ɗari da wani abu, tambayi wa ya tuƙa ta. Wannan yana da muhimmanci a Corvette fiye da sauran motoci, domin littafin kamfani ya ce mil 500 na farko a bi injin a hankali, kada a take totur har ƙasa, kuma kada a shiga filin tsere sai an wuce mil 1,500. Wanda aka ba makulli ya ɗana na minti goma, ko yaron da aka aika ya sha mata mai, ba littafin ne a ransa ba. Duba tayoyin baya ko sun ci wuta, duba ƙasan leɓen gaba da hannu, duba bakin ƙafafun ko sun goga dakali. Lambobi huɗu na ƙarshe a jikin taya suna nuna mako da shekarar da aka yi ta, in ɗaya ta bambanta da sauran sosai, an canza ta, sai ka ji dalili.

Fenti kuwa ka duba shi da rana tsaka a waje, ba ƙarƙashin fitilun shago ba, kuma ka nemi a rubuta maka ko an taɓa yi mata gyara tun fitowarta daga masana'anta. Wannan ba yawan zargi ba ne. A 1990 wani likita a Alabama, Ira Gore, ya sayi sabuwar BMW a kan dala 40,750, bayan wata tara mai goge motoci ya gaya masa an sake mata fenti. Ashe ta lalace a hanya an gyara, kuma tsarin kamfanin a lokacin shi ne in gyara bai kai kashi 3 cikin 100 na farashi ba, ba a faɗa wa kowa. Masu taya alƙali hukunci suka yanke masa diyyar dala miliyan 4, shari'ar ta kai Kotun Ƙolin Amurka a 1996, ta ce kuɗin ya yi yawa, a ƙarshe aka tsaya a dala 50,000. Har yau jihohi da yawa suna da irin wannan ma'auni, wanda ƙasa da shi dila ba dole ya buɗe baki ba. A motar dala 120,000, kashi 3 cikin 100 gyaran dala 3,600 ne. In ka tambaya a rubuce aka amsa a rubuce, magana ta zama daban. Jikin Corvette ba ƙarfe ba ne, don haka ƙaramar na'urar auna kaurin fenti mai maganaɗisu ba za ta yi aiki a kanta ba, gara ka biya ƙwararren mai goge motoci ya zo ya duba maka.

Tambaya ta gaba ita ce wadda ta fi kama mutane: shin motar sabuwa ce a takarda? Sabuwa ita ce wadda ba a taɓa yi wa rajista da sunan kowa ba, tana nan da takardar asali ta kamfani. A lokacin rububi wasu sukan sayi mota su sayar wa wani dila washegari, a ajiye ta da mil 40 ana ce mata sabuwa. Wani lokacin kuma dila ya shigar da ita a kwamfuta a matsayin an sayar ko ta gwaji don ya cika adadi, garanti ya fara tafiya tun daga ranar. Garantin Chevrolet, reshen GM mai fitar da Corvette, shekara 3 ne ko mil 36,000 a kan motar gaba ɗaya, shekara 5 ko mil 60,000 a kan inji da giya. Je sashen gyara, ba na ciniki ba, ka ba su lambar shasi su buga maka ranar da garanti ya fara. Dalilin da ya sa na nace: a 2022 GM ta sanar cewa wanda ya sayar da Z06 kafin shekara ta cika, yawancin garantin ba zai bi motar zuwa ga mai saye na biyu ba, daga baya aka rage wa'adin zuwa wata shida. Ka tambaya ko samfurin shekarar da ke gabanka yana ƙarƙashin irin wannan sharaɗi, domin yana shafar ka ta fuska biyu, a matsayin mai saye yau da mai sayarwa gobe. Kamfanoni ba wasa suke yi da wannan ba. Ford ta kai ɗan kokawa John Cena kotu a 2017 saboda ya sayar da Ford GT ɗinsa kafin shekara biyun da ya sa hannu a kai, sai sulhu aka yi. Da wannan lambar shasin kuma ka shiga shafin hukumar kiyaye haɗurra ta NHTSA ka ga ko akwai kiran gyara da ba a yi ba. Doka ta hana dila miƙa sabuwar mota a wannan hali.

Ɗaki na ƙarshe, ofishin lamuni, nan ne ake mayar da abin da aka rasa a teburin ciniki. In bashi za ka ci, zo da amincewar bankinka a hannu, domin dila yana da damar ɗora kashi ɗaya ko biyu cikin 100 a kan ruwan da banki ya ba shi ya riƙe bambancin. Kada ka fita da motar a kan cewa takardun bashi za su kammala daga baya. Akwai waɗanda ake kira bayan mako biyu a ce banki ya ƙi, a zo a sake sa hannu a ruwa mafi tsada. Na san da yawa daga cikinmu ba sa taɓa kuɗin ruwa, kuma ka ce tarawa ka yi. Madalla. Amma kada ka yi zaton biya lakadan zai sa a yi maka ragi kamar a kasuwar gida. A nan akasin haka ne, dila yana cin riba a bashin, don haka mai biya nan take ba shi ne abin so ba. Bar maganar yadda za ka biya sai an sa hannu a jimilla. Wasu za su ce sai dai ka ci bashinsu ka biya duka bayan wata uku. Halascin wannan tambayar malamai ce, ni dai ta fuskar ciniki ina ganin in ka nuna za ka tashi, yawanci sharaɗin yana faɗuwa. Ka biya ta banki, ba da jakar kuɗi ba. Tsabar kuɗi sama da dala 10,000 dole dila ya cike fom 8300 ya aika wa hukumar haraji, wannan ba laifi ba ne, amma rarraba kuɗin don kauce wa fom ɗin laifi ne babba. Kuma ka cire a ranka cewa akwai kwana uku na fasa ciniki. Wannan ƙa'ida ba ta shafi motar da aka saya a shagon dila ba. Ka sa hannu, ta zama taka. Kira kamfanin inshorarka da lambar shasin tun kafin ranar, kada farashinsu ya zo maka ba zato.

Ban ce ƙari haramun ne a kowane hali ba. In motar ƙayyadadden adadi za a yi a daina, ko dala dubu biyu ce za ta raba ka da jiran shekara, kuma kuɗin ba zai taɓa cefanen gida ko abin da kake aika wa iyaye ba, mutum yana iya sayen jin daɗinsa da idonsa a buɗe. Z06 ba ta cikin wannan sahu. Ana ƙera ta kowace rana a Kentucky.

Game da kai ta Kano, abu ne mai yiwuwa, amma akwai ƙulli. Diloli da yawa suna sa mai sayen irin wannan mota ya sa hannu cewa ba zai fitar da ita waje ba na wani wa'adi, galibi shekara guda, saboda kamfani yana cin tararsu in motar ta ɓulla a wata ƙasa. Karanta wannan takardar kafin ka sa hannu, kuma kada ka taɓa saya da sunanka don wani ya fitar. Kwastan na Amurka suna buƙatar takardar mallaka aƙalla awa 72 kafin a loda, in kuma akwai bashi a kanta sai da rubutaccen izinin banki. A Legas, tun 2022 kwastan ke kimanta kuɗin fito da lambar shasi, don haka ka sa wakilinka ya lissafa maka kafin jirgi ya tashi. Bayan an sauke ta ne wahalar za ta fara. Garanti ba zai yi maka amfani ba inda babu dilan Corvette mai izini. Injin yana son fetur mai darajar octane 93, ba ya yarda da ƙasa da 91, gidajen manmu kuwa fetur iri ɗaya suke sayarwa, ba zaɓi. Tsakanin cikinta da ƙasa kusan inci 5 ne, ka tuna tudun rage gudu da ramukan damina a unguwarku. Tayar baya faɗinta milimita 345 a kan ƙafa inci 21, in ta fashe sai an yi odarta daga waje, kuma giyarta mai kuloci biyu tana buƙatar mai na musamman da kwamfutar da ta san ta. In da ni ne, zan more ta a Texas, in lokacin komawa gida ya yi in sayar da ita a nan inda take da masu nema, in sayi mai tsayin ƙafa da bakaniken Kano zai iya buɗe bonet ɗinta.